Tambaya da Amsa: Yadda aka raba manoma da gonakinsu a mulkin kwaminis

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan batu guda: abin da ya sami iyalan manoma lokacin da gwamnatocin kwaminis suka tilasta musu haɗe gonakinsu wuri ɗaya. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan cin karo da kalmar "kulak" idan ana maganar zamanin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet. Su wane ne, kuma wane laifi suka yi? (daga wani ɗalibin tarihi)

Amsa: Wa alaikumus salam. A Rashanci kalmar na nufin dunƙulallen hannu. Tun kafin juyin juya halin 1917 ƙauyawa kan jefi mai ba da bashi da ruwa da ita, ko ɗan kasuwar da ke matse talaka. Sai dai bayan 1917 manoma sun riga sun rabe filayen manyan masu ƙasa a tsakaninsu, don haka zuwa 1928 abin da ke Tarayyar Sobiyet gidajen ƙananan manoma ne kimanin miliyan 25. Wanda ake kira mai hali a cikinsu, sau da yawa abin da ya mallaka bai wuce doki biyu da saniya biyu ko uku ba.

Rigimar daga farashi ta taso. A 1927 zuwa 1928 gwamnati ta yanke wa hatsi farashi mai rauni, ga kayan masarufi babu a kasuwa, sai manoma suka ƙi sayarwa, suka adana abinsu ko suka ciyar da dabbobi. Ita kuwa gwamnati tana neman hatsi mai arha don ciyar da ma'aikatan birni da soja, da kuma sayarwa waje ta sayo injuna. A Janairun 1928 Stalin ya je Saberiya da kansa, ya ba da umarnin a gurfanar da duk mai ɓoye hatsi da laifin cin ƙazamar riba. Lissafinsa a fili yake: karɓar hatsi daga gida miliyan 25 wuya ne, amma in aka tattara su a manyan gonakin haɗaka, kowace da rumbu ɗaya da shugaba ɗaya da za a kama in awo bai cika ba, aiki ya zo da sauƙi. Wannan gonar haɗaka ita ake kira kolkoz.

A Mayun 1929 aka fitar da ma'aunin gane kulak: mai ɗaukar 'yan ƙodago a kai a kai, mai injin niƙa ko na tatsar mai, mai ba da hayar kayan noma, mai taɓa kasuwanci, har da malaman addini. Ran 27 ga Disamba 1929 Stalin ya shelanta cewa za a shafe kulak a matsayinsu na rukunin jama'a. Ran 30 ga Janairu 1930 shugabannin jam'iyya suka kasa su uku. Kashi na farko, a harbe maigida ko a kai shi sansanin gwale-gwale, a kori iyalinsa. Na biyu, a kwashe gidan gaba ɗaya zuwa arewa mai nisa, ko tsaunukan Ural, ko Saberiya, ko Kazakistan. Na uku, a fitar da su daga ƙauyen a ba su mafi munin ƙasa a cikin gundumar.

Ga inda abin ya ɓaci. Umarnin ya zo da adadi: gida 3 zuwa 5 cikin kowane 100. Ƙauyen da babu mai hali ko ɗaya, dole shi ma ya cika nasa lissafin. Nan tsohuwar gaba ta sami ƙofa, rikicin iyakar gona ko na aure ya isa a rubuta sunan mutum. Talaka futuk ma in ya ƙi shiga kolkoz akwai sunan da aka tanadar masa, "podkulacnik", wato yaron kulak. A ganinmu wannan suna na biyu shi ya tona asirin manufar: ana korar gida biyar ne don sauran casa'in da biyar su sa hannu.

Tambaya: Malamai, in an ce an kori iyali, a aikace yaya ake yi? Ina ake kai mata da yara? (daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, aikin yana da tsari. Kwamitin mutum uku na gunduma ke amincewa da jerin sunaye. Daga nan sai ayari ya isa gidan, galibi da dare ko da asuba: wakilin jam'iyya, 'yan gwagwarmayar ƙauyen, wani lokaci da ɗaya daga ma'aikatan masana'antu sama da 25,000 da aka turo daga birane, waɗanda da yawansu ba su taɓa riƙe garma ba. Ɗaya ya zauna da takarda yana rubutawa: doki, saniya, garma, amalanke, buhun iri, tukunyar shayi, bargo. A takarda an yarje wa iyali su tafi da kayan sawa, 'yan kayan aiki, ɗan guzuri da kuɗin da bai wuce rubul 500 ba. A zahiri rahotannin 'yan sandan ciki na OGPU da kansu sun koka cewa ana tuɓe wa mutane rigunan sanyi da takalma, ana janye matashi daga ƙarƙashin kan yara. Gidan kuma ya koma ofishin kolkoz ko ma'ajiya.

Daga nan sai tashar jirgin ƙasa. Taragon ɗaukar dabbobi ake zuba su, mutum wajen 40 a kowane, da bokiti ɗaya na bahaya, a yi kwanaki ko makonni a hanya cikin tsakiyar hunturu. A 1930 da 1931 kaɗai an kwashe mutum kimanin miliyan 1.8 ta wannan hanya. A garuruwan arewa irin su Bologda an cusa su a majami'un da aka rufe, aka kafa gadajen katako hawa-hawa, inda ƙyanda da zazzaɓin ƙwarƙwata suka yi ta ɗibar ƙananan yara. Wasu kuwa a tsakiyar kurmi aka sauke su da gatari, aka ce su gina wa kansu matsuguni. Rami suke haƙawa su rufe da rassa.

Waɗannan wurare ana ce musu matsugunai na musamman. Babu waya mai ƙaya kamar a sansani, amma akwai kwamanda, ba a fita sai da izininsa, ana aikin saran katako ko haƙar ma'adinai ko gina masana'antu, ana kuma yanke wani kaso na albashi don biyan masu tsaronsu. Kundin hukuma ya nuna mutum kusan 390,000 sun mutu a matsugunan tsakanin 1932 da 1940, ban da waɗanda suka mutu a shekaru biyun farko da ba a ƙidaya su da kyau ba. Dubban ɗaruruwa sun tsere.

Tambarin kuma yana bin 'ya'ya. Ɗan kulak kan rasa gurbin babbar makaranta da aikin kirki, shi ya sa wasu suka sauya suna, wasu suka buga sanarwa a jarida cewa sun yanke hulɗa da iyayensu. A 1937 aka sake waiwayar iyayen: umarni mai lamba 00447 na ran 30 ga Yuli ya sa tsofaffin kulak a sahun gaba, aka harbe mutum kusan 387,000 a ƙarƙashinsa kafin ƙarshen 1938. Sai a 1954 aka saki ragowar daga matsugunan.

Tambaya: Na ji an ce manoman da kansu suka yanka dabbobinsu. Wane manomi ne zai yi wa kansa wannan ɓarna? (daga wani makiyayi)

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya tabbata gobe za a zo a kore su. Saniyar da za a raba shi da ita ba ko sisi, gara ya yanka iyali su ci nama ya sayar da fata. Ga kuma tsoron cewa saniya ta biyu ita za ta sa a kira shi kulak. Amma ba wuƙa kaɗai ta cinye dabbobin ba. Waɗanda aka tara a garken kolkoz sun tarar babu rumfa, babu harawa, babu mai kula, domin abin da ya zama na kowa ba wanda zai tashi tsakar dare ya duba shi. Hatsin da ake ba dawaki kuma gwamnati ta kwashe. Tsakanin 1928 da 1933 shanu sun sauko daga kimanin miliyan 70 zuwa 38, dawaki daga 33 zuwa ƙasa da 17, tumaki da awaki daga 146 zuwa 50.

Ba su kuma miƙa wuya salin-alin ba. A 1930 OGPU ta ƙirga tarzoma sama da 13,000. Mata ne kan gaba a da yawa daga ciki, su ke fasa rumbun kolkoz su ɗebo irinsu, su kwance shanunsu su koma gida, saboda hukuma ta fi jinkirin harbin mace. Rufe majami'u da masallatai da sauke ƙararrawar coci ya ƙara wa wutar fetur. Da abin ya yi ƙamari, ran 2 ga Maris 1930 Stalin ya rubuta a jaridar Pravda cewa nasara ce ta juya wa ƙananan jami'ai kai, shiga kolkoz ganin dama ne. Nan da nan gidajen da ke ciki suka faɗo daga sama da rabi zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bayan an yi shuka an girbe, aka dawo da matsin ta hanyar haraji mai karya ƙashin baya a kan duk wanda ya tsaya shi kaɗai. Zuwa 1936 kusan gida 90 cikin 100 na ciki.

Makiyaya irinka ne suka fi kowa ji a jikinsu. A Kazakistan, inda yawancin jama'a Musulmi ne masu yawon kiwo, an fara da ƙwace dukiyar manyan masu garke kimanin 700 a 1928, sannan aka tilasta wa sauran zama wuri ɗaya, aka ɗora musu kason nama da na hatsi alhali ba sa noma. Sai sun sayar da dabba su sayi hatsin da za su miƙa. A ƙarƙashin shugaban jam'iyya na yankin, Filif Goloshcekin, kusan kashi tara cikin goma na dabbobin suka ƙare, mutum kimanin miliyan 1.5 suka mutu, sama da miliyan suka bar matsugunansu, wasu har ƙasar Sin.

Tambaya: Yukren ƙasa ce da ta yi suna wajen alkama. Ta yaya mai noma zai mutu da yunwa a kan gonarsa? Fari aka yi? (daga wani mai karatu)

Amsa: An yi fari a wasu yankuna a 1931, girbin 1932 ma bai yi kyau ba. Amma ƙarancin girbi daban, yunwar da ta kashe miliyoyi daban. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko noman kansa ya lalace. Rabin dawakin huɗa sun tafi, taraktocin da aka kawo ba su cike gurbinsu ba, ga yawan lalacewa da rashin kayan gyara. Shuka ta makara, ciyawa ta rufe gonaki. Umarnin faɗaɗa filin hatsi ya sa aka daina hutar da ƙasa da sauya amfanin gona. Ƙwararrun manoma kuma suna Saberiya.

Sannan kason gwamnati ba a kan abin da aka girba ake yanka shi ba, a kan hasashen da aka yi a ofis ne. A 1928 gwamnati ta tara hatsi kusan tan miliyan 11. A 1931, shekarar da girbi ya ja baya, ta tara kusan miliyan 23, ta fitar da wajen miliyan 5 ƙasashen waje. A 1932 da 1933, ana tsakiyar mutuwa, ba a daina fitarwa ba, an dai rage zuwa ƙasa da tan miliyan 2 a shekara. In kolkoz ta gaza, sai a shiga irin shuka da abincin gidaje.

Daga nan dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ran 7 ga Agusta 1932 aka mayar da amfanin kolkoz dukiyar ƙasa: wanda ya taɓa, hukuncinsa harbi, in an sassauta shekara goma. Jama'a suka sa mata suna dokar zangarniya, domin har matar da ta je kala bayan girbi ta tsinci 'yan zangarniyu ana kamawa. Aka kafa hasumiyar gadi a gonaki. A Nuwamba aka shigo da baƙin allo: ƙauyen da aka rubuta a kai, a rufe kantinsa, a kwashe gishiri da ashana da kananzir, a hana shi ciniki da kowa. Aka kuma ƙara tara, wanda bai cika hatsi ba a karɓe nama da dankalinsa. Masu bincike na yawo da dogayen sandunan ƙarfe suna caka daɓen ɗaki, da murhu, da jinka, da tarin taki, suna neman inda ƙasa ta yi laushi. Gidan da ba a ga kumburin yunwa a jikin mutanensa ba, shi ake fara zargi.

Sai aka toshe hanyar gudu. A ƙarshen Disamba 1932 aka fito da fasfo na cikin gida, aka ba mutanen birni aka hana ƙauyawa. Ran 22 ga Janairu 1933 aka haramta wa manoman Yukren da na Kuban, wani yanki na kudancin Rasha, barin yankunansu, aka daina sayar musu da tikitin jirgi. Cikin 'yan makonni an tare sama da mutum 200,000, aka mayar da mafi yawansu ƙauyukan da suka gudo. Mutuwa ta kai ƙololuwa tsakanin Maris da Yunin 1933. Gwamnati ta saki ɗan iri da abinci a wannan bazara, amma masu iya fita aiki aka fi ba, don kada shuka ta tsaya. A waje kuwa ta musanta cewa akwai yunwa, ba ta nemi agajin kowa ba. Masana ƙidaya sun sa mamatan Yukren tsakanin miliyan 3.5 da 3.9, na Tarayyar gaba ɗaya kuwa miliyan 5 zuwa 7.

Tambaya: To wannan kisan ƙare dangi ne? (daga wani lauya)

Amsa: Barista, ka fi mu sanin cewa kalmar a shari'a kan niyya ta rataya. Yukren ta kafa doka a 2006 cewa yunwar, wadda suke kira Holodomor, kisan ƙare dangi ce. Majalisar Jamus da ta Tarayyar Turai sun bi sahu a 2022. Rasha ta ƙi. Masu cewa eh suna nuna rufe iyakar Yukren da Kuban, da farautar malamai da marubutan Yukren da aka yi a daidai lokacin. Masu cewa a'a suna nuna cewa yunwar ta ci yankin kogin Bolga na Rasha da Kazakistan ma, kuma burin Stalin hatsi ne ko nawa za a rasa. Abin da ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kai shi ne shugabanni sun san ana mutuwa, suka ci gaba da karɓa.

Tambaya: Mene ne bambancin kolkoz da ƙungiyar gama-kai ta manoma? Ai duk haɗa ƙarfi ne. (daga wani shugaban ƙungiyar manoma)

Amsa: Shugaba, a takarda kolkoz ma ƙungiyar gama-kai ce, har zaɓen shugaba ake yi. Ka duba abu uku: wa ke iya fita, wa ke yanka farashi, wa ke fara ɗiba. A kolkoz babu fita, gunduma ke turo wanda za a zaɓa, ita ke faɗin abin da za a shuka da ranar shukawa. In an yi sussuka, gwamnati ce ke fara ɗibar kasonta a farashin da bai kai kuɗin noman ba. Sai tashar tarakta ta gwamnati ta karɓi ladan huɗa da girbi, shi ma da hatsi. Sai a ware iri da abincin dabbobi. Abin da ya rage, in ya rage, shi ake raba wa manoma gwargwadon "ranar aiki", wato makin da shugaban ayarin aiki ke ja wa kowa a littafi. Manoma na ce wa makin sanduna, suna cewa aikin sanduna suke yi, don akwai shekarun da layin da aka ja a littafin shi ne iyakar ladan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya raya su ɗan filin bayan gida ne. Dokar kolkoz ta 1935 ta yarje wa kowane gida rubu'i zuwa rabin hekta, da saniya ɗaya da 'yan ƙananan dabbobi, a kan hakan ma ana biyan nama da madara da ƙwai. A shekarun 1970 waɗannan 'yan filaye, kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙasar da ake shukawa, su ke ba da kusan rubu'in amfanin noman ƙasar. Fansho sai a dokar 1964 ɗan kolkoz ya samu, tsayayyen albashi a 1966, fasfo kuwa sai bayan dokar 1974.

Tambaya: A Sobiyet kaɗai aka yi haka? (daga wata mai karatu)

Amsa: A'a, Hajiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kai tsarin duk inda Masko ke da iko. A Maris 1949 an kwashe mutum sama da 90,000 daga Estoniya, Latbiya da Lituweniya cikin 'yan kwanaki, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, kuma kafin shekara ta ƙare mafi yawan manoman da suka rage sun shiga kolkoz. Romaniya ta ɗauki 1949 zuwa 1962 tana yi, a Yunin 1951 ta zubar da mutum kimanin 40,000 a busasshen filin Baragan su gina wa kansu bukkoki. A Hangari ana kiran wannan lokaci zamanin sharar rufi, don har saman ɗaki ake hawa a share ƙwayar ƙarshe. Yugoslabiya ta janye a 1953, Polan a 1956, manomansu suka ci gaba da riƙe gonakinsu. Habasha ma a zamanin Mengistu ta kwashe mutum kimanin 600,000 daga arewa zuwa kudu da yamma tsakanin 1984 da 1986, lokacin da ake fama da yunwa, ta kuma tattara miliyoyi a sababbin ƙauyuka.

Mafi girman asara a Sin aka yi. Dokar rabon ƙasa ta 1950 ta liƙa wa kowane gida tambari, daga mai ƙasa zuwa matalauci, aka kashe dubban ɗaruruwa a tarukan tozartawa, tambarin kuma ya zama gado har 1979. A 1958 Mao ya haɗe ƙauyuka zuwa manyan gungu kimanin 26,000, kowane da dubban gidaje. Aka hana girki a gida, kowa ya ci a kicin ɗin gungu, aka narkar da tukwane da fartanya a murhun ƙarfe na bayan gida. Aka umarci a cusa iri kusa-kusa a kuma yi huɗa mai zurfin gaske, abin da ya shaƙe shuka ya binne ƙasa mai kyau. Jami'ai suka riƙa kai rahoton girbin ƙarya, gwamnati ta yanka kasonta a kan ƙaryar. Da ministan tsaro Peng Dehuai ya yi magana a taron Lushan na 1959, sai aka tuɓe shi, kowa ya ja bakinsa. Ludayin mai rabon abinci ya zama bulala, wanda ya saɓa a hana shi ci. Ƙiyasin mamata daga 1959 zuwa 1961 ya kama daga miliyan 15 har 45, yawancin masana suna kewayen 30.

A ƙarshen 1978 manoma 18 a ƙauyen Shiyawgang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a wata takarda a asirce, suka raba gonar haɗaka gida-gida, da sharaɗin in an ɗaure wani sauran za su riƙe 'ya'yansa har su kai shekara 18. Girbin shekarar da ta biyo ya ninka na baya sau da yawa. Gwamnatin Deng Xiaoping ta amince da tsarin, zuwa 1984 gungun sun watse, ko da yake har yau manomin Sin haƙƙin amfani da gona yake da shi na wasu shekaru, mallakar ƙasar tana hannun ƙauye.